Digiri na Biyu a Fannin Kula da Ma'aikata: Nawa Yake Ƙarawa a Albashi?

Gabatarwa

A watan Mayu na shekarar 2023, Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta ƙasar Amurka ta auna albashin manajojin da ke kula da harkokin ma'aikata a ƙasar, ta sami cewa na tsakiyarsu yana ɗaukar Dala 136,350 a shekara. A daidai wannan lokaci, wanda ke tsakiyar dukkan ma'aikatan ƙasar Dala 48,060 yake samu. Jami'o'in da ke koyar da wannan fanni a matakin digiri na biyu sukan kafa hujja da irin adadin nan na farko idan suna neman ɗalibai, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai ita hukumar, a wurin da ta ba da adadin, ta bayyana cewa abin da aka saba nema ga mai son wannan muƙami shi ne digirin farko da gogewar aiki ta shekara biyar ko fiye. Ashe ke nan adadin na muƙami ne. Bai faɗi komai ba game da digiri na biyu.

Wanda zai ajiye aikinsa na tsawon shekara biyu, ya kuma ci bashi don ya yi wannan karatu, tambayar da ke gabansa ita ce: nawa digirin zai ƙara masa a kan abin da zai samu in da bai yi ba? Wannan maƙala za ta bi hanyoyin da masana tattalin arziki suke bi don amsa wannan tambaya, ta hanyar duba ƙasar Amurka, inda digirin ya daɗe da kafuwa, kuma inda aka fi tattara alƙaluma a kansa.

Asalin Sana'ar da Digirinta

Aikin kula da ma'aikata ya taso ne tare da manyan masana'antu. A farkon ƙarni na 20 wasu kamfanoni suka ga cewa barin ɗaukar leburori da korarsu a hannun shugabannin aiki na ƙasa-ƙasa yana jawo yajin aiki da yawan barin aiki, sai suka buɗe ofisoshi na musamman don wannan lamari. Kamfanin motoci na Ford, alal misali, ya kafa irin wannan sashe a 1914, shekarar da ya ɗaga ladan yini zuwa Dala 5. Amma abin da ya mayar da aikin fannin ilimi shi ne doka. Dokar Wagner ta 1935 ta tilasta wa kamfanoni su zauna su yi ciniki da ƙungiyoyin ƙwadago, saboda haka aka bukaci mutanen da suka san doka da lissafin albashi da dabarun sasantawa. Jami'ar Cornell da ke jihar Niyok ta buɗe makarantar hulɗar ƙwadago a 1945, Jami'ar Minnesota ta kafa cibiyarta a wannan shekarar, ta Illinois ta biyo baya a 1946.

Daga baya ƙarfin ƙungiyoyin ya ragu. A 1983 kashi 20.1 cikin ɗari na ma'aikatan Amurka ne ke cikin ƙungiyar ƙwadago, a 2023 kuwa kashi 10 ne kacal. Amma aikin bai mutu ba, sai dai ya sake kama. Dokar hana wariya a wurin aiki ta 1964 da dokar fansho ta 1974 sun ɗora wa kamfanoni sababbin nauyaye, sannan aka ƙaro tsara albashi da alawus, horar da ma'aikata, da nazarin alƙalumansu da kwamfuta. Ƙungiyar masu wannan sana'a da aka kafa a 1948 ta sake suna a 1989 ta koma SHRM, alamar cewa an tashi daga ajiyar fayil an koma zama a teburin shawara.

Wannan tarihi ya bar digiri iri biyu masu suna kusan ɗaya. Akwai na tsofaffin makarantun nan, wanda ɗalibi ke zama a jami'a shekara ɗaya da rabi ko biyu, ya yi aikin gwaji a wani kamfani lokacin hutun bazara, kuma sau da yawa kamfanin ya ɗauke shi bayan ya gama. Kamfanin General Electric ya yi shekaru da dama yana gudanar da shiri na horar da irin waɗannan matasa ta hanyar zagaya da su sassansa. Akwai kuma wanda ake yi da yamma ko ta intanet, wanda yawancin ɗalibansa ma'aikata ne da suka riga suka yi nisa a aiki. Duk wanda ya haɗa waɗannan biyu a ƙwarya ɗaya ya fitar da adadi guda, to ya auna abin da babu shi.

Inda Alƙaluman Suke Fitowa

Da farko ya kamata a fahimci abin da ake nufi da albashin tsakiya. Idan aka jera mutum 101 daga mai ƙaramin albashi zuwa mai babba, albashin mutum na 51 shi ne na tsakiya: rabi suna ƙasa da shi, rabi suna sama. Ya bambanta da tara albashin duka a raba daidai, domin attajiri guda a cikin jerin zai iya ɗaga rabon kowa a takarda alhali aljihunsu bai canja ba. Don haka masana suka fi amincewa da na tsakiya.

Alƙaluman hukumar ƙididdiga na sana'o'i ne. A ma'aunin Mayu 2023, jami'in harkokin ma'aikata wanda bai kai manaja ba, albashinsa na tsakiya Dala 67,650 ne, watau kusan rabin na manaja. A irin wannan mataki, ko kaɗan sama da shi, sabon mai digiri yakan fara. Ita dai wannan hukuma ta nuna cewa a 2023 mai digiri na biyu, a kowane fanni, yana samun Dala 1,737 a mako, mai digirin farko kuwa Dala 1,493. Bambancin Dala 244 ne a mako, kimanin kashi 16 cikin ɗari. Amma a cikin wannan adadi akwai injiniya da malamin firamare da ma'aikaciyar jinya, duk a cakuɗe.

Makarantu da kansu sukan buga rahoton albashin ɗalibansu. Irin wannan rahoto yana da amfani, sai dai daga bakin ɗaliban yake fitowa, kuma waɗanda suka amsa tambaya kawai ake lissafawa. Wanda ya sami aiki mai tsoka yakan yi saurin amsawa. Wanda ke zaune a gida yakan yi shiru. Mai karatu ya fara duba mutum nawa suka gama, mutum nawa suka amsa, kafin ya dubi adadin da aka rubuta da manyan haruffa.

Hanya ta uku ta fi waɗannan ƙarfi. A 2015 Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta fito da rumbun bayanai mai suna College Scorecard, kuma a watan Nuwamba na 2019 ta fara nuna albashi da bashin ɗalibai fanni-fanni a kowace jami'a. A nan ba a tambayar kowa. Ana haɗa sunayen waɗanda suka gama karatu da bayanan harajinsu, a fitar da na tsakiya. Wannan rumbu ya tona asirin wasu kwasa-kwasai: a 2021 jaridar Wall Street Journal ta yi amfani da shi ta nuna cewa waɗanda suka ci bashi don digiri na biyu a fannin shirya fim a Jami'ar Columbia, bashinsu na tsakiya Dala 181,000 ne, kuma bayan shekara biyu rabinsu ba sa samun Dala 30,000 a shekara. Fannin kula da ma'aikata yana cikin rumbun, kuma ana iya duba shi jami'a-jami'a. Amma shi ma yana da iyaka. Waɗanda suka karɓi rance ko tallafin gwamnatin tarayya kawai yake ƙidayawa, don haka wanda iyayensa ko kamfaninsa suka biya masa duka ba ya ciki. Ajin da ɗalibansa ba su da yawa akan ɓoye adadinsa don kare sirrin mutane. Mafi girma kuma, yana faɗin abin da mutum ke samu bayan digiri, ba ya faɗin abin da yake samu kafin ya shiga.

Zabuwa da Zanenta

A nan ne asalin matsalar take. Theodore Schultz a 1961 da Gary Becker a 1964 sun kafa ra'ayin cewa ilimi jari ne da ake zubawa a jikin ɗan'adam, kamar yadda ake zuba jari a gona ko inji. Jacob Mincer a 1974 ya fitar da ƙa'idar lissafi wadda ke danganta albashi da shekarun karatu da shekarun gogewa, kuma har yau da ita ake farawa. Amma a 1973 Michael Spence ya kawo wata magana mai tayar da hankali. Ya ce mai yiwuwa digiri bai ƙara wa mutum iyawa ba, sai dai ya zama shaida ga mai ɗaukar aiki cewa wannan mutum da ma can mai ƙwazo ne. Hausawa sun ce kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Idan haziƙai da masu himma ne ke neman digiri na biyu, to ko ba digirin za su fi takwarorinsu albashi, kuma kuskure ne a ba digirin ladan abin da suka zo da shi daga gida.

Masana sun nemi dabarun raba zane da zabuwa. Orley Ashenfelter da Alan Krueger sun je bikin tagwaye da ake yi kowace shekara a garin Twinsburg na jihar Ohio, suka kwatanta albashin tagwaye masu kama ɗaya waɗanda karatunsu ya bambanta, suka buga sakamakon a 1994. A 2002 Stacy Dale da Krueger suka kwatanta ɗaliban da jami'o'i iri ɗaya suka karɓa, amma wasu suka tafi mai suna, wasu suka tafi wadda ba ta kai ta ba. Sun tarar cewa ga yawancin ɗalibai bambancin albashin ya kusa ɓacewa, in ban da 'ya'yan talakawa, waɗanda babbar jami'a ta amfana ƙwarai.

A kan digiri na biyu kai tsaye, Joseph Altonji da Ling Zhong sun buga nazari a 2021. Dabararsu ita ce kwatanta abin da ake samu kafin digirin da abin da ake samu bayansa, a tsakanin mutanen da suka bi hanyar karatu iri ɗaya. Sun gano cewa ribar ta bambanta ƙwarai daga fanni zuwa fanni, cewa sau da yawa ta dogara ga abin da mutum ya karanta a digirinsa na farko, kuma cewa kwatancen nan mai sauƙi na masu digiri da marasa shi yana yawan ɓatar da mutane. A Birtaniya ma, Cibiyar Nazarin Harkokin Kuɗin Gwamnati da ke Landan ta bi bayanan haraji a wani rahoto na 2020. Masu digiri na biyu sun fi masu digirin farko albashi a shekara 35 da haihuwa, amma da aka cire tasirin asali da ƙwazon makaranta da irin digirin farko, sai ratar ta kusa ƙarewa. Fannonin shari'a da tattalin arziki da kasuwanci ne suka tsira da riba mai kauri.

Darasin da ke nan ga fannin kula da ma'aikata a fili yake. Wanda ya karanta tarihi ko nazarin halayyar ɗan'adam, wanda ƙofar babban kamfani ke rufe a gare shi, digirin zai iya zame masa mabuɗi. Wanda ya karanta akanta ko injiniya, yana kuma kan aiki mai kyau, zai iya yin digirin ya fito albashinsa bai motsa ba.

Lissafin Ɗalibai Uku

Alƙaluman da ke tafe na misali ne kawai, an tsara su don a ga yadda ake lissafin. Ba daga wata jami'a aka ɗauko su ba.

A ɗauka ɗalibi na farko yana aiki a kan Dala 60,000 a shekara. Ya ajiye aikin ya yi karatu shekara biyu, ya biya kuɗin makaranta Dala 50,000. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, alhali babbar asarar ba ta cikin takardar biya: albashin shekara biyu da ya sarayar, Dala 120,000. Jimlar abin da digirin ya ci ke nan Dala 170,000. Ya fito ya sami aikin Dala 85,000. Zai ce ya ƙaru da Dala 25,000, amma in da ya zauna a aikinsa, da ƙarin girma da ƙarin shekara sun kai shi, a ce, Dala 66,000. Ainihin ƙarin Dala 19,000 ne. Idan aka raba 170,000 da 19,000, zai yi kusan shekara 9 kafin ya mayar da uwar kuɗinsa.

Ɗaliba ta biyu ajinsu ɗaya. Ta gama digirin farko ke nan, kuma aikin da za ta iya samu na Dala 45,000 ne. Ta sarayar da Dala 90,000, ta biya 50,000, jimla 140,000. Ita ma ta fito a kan Dala 85,000, alhali ba don digirin ba da tana kan 50,000. Ƙarinta Dala 35,000 ne, kuma cikin shekara 4 ta mayar da kuɗinta. A rumbun gwamnati waɗannan biyu ba su da bambanci ko kaɗan, domin albashinsu ɗaya.

Na uku manaja ne mai ɗaukar Dala 90,000. Yana karatu da dare bai bar aikinsa ba, kuɗin makarantarsa Dala 30,000. Dokar haraji ta Amurka ta yarda kamfani ya biya wa ma'aikacinsa har Dala 5,250 a shekara na karatu ba tare da an cire haraji ba, saboda haka a shekara biyu an sauke masa 10,500, saura 19,500. Bayan ya gama aka ƙara masa Dala 5,000 saboda digirin, ya koma 95,000. Shi ma cikin kimanin shekara 4 ya mayar da kuɗinsa, don bai sarayar da albashi ba. Amma a duba abin da zai faru a jadawali: makarantarsa ce za ta zo a sama da Dala 95,000, alhali ita ce ta ƙara wa ɗalibinta mafi ƙaranci. Jadawalin da ke jera makarantu bisa albashin waɗanda suka gama, sau da yawa shekarun ɗaliban da gogewarsu yake jerawa bai sani ba.

Duk wannan kafin a cire haraji daga ƙarin, kuma kafin a tuna cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki: Dala da aka kashe yau ta fi wadda za a samu bayan shekara tara daraja. A gefe guda kuma, lissafin ya ɗauka ratar za ta tsaya yadda take. Tana iya faɗaɗa idan digirin ya gaggauta wa mutum hawa kujerar manaja, tana iya tsukewa idan wanda bai yi digirin ba ya cim masa ta hanyar gogewa da jarrabawar ƙungiyar sana'a, wadda kuɗinta bai kai ko kusa da na jami'a ba. Albashin shekara ɗaya bayan kammalawa ba zai nuna wannan ba.

Akwai kuma wani abu da bai kamata a tsallake ba. Kusan uku cikin huɗu na masu wannan sana'a a Amurka mata ne. Marianne Bertrand da Claudia Goldin da Lawrence Katz sun bi waɗanda suka yi digirin MBA a Jami'ar Shikago tsakanin 1990 da 2006, suka ga maza da mata sun fara da albashi kusan ɗaya, amma bayan shekara goma maza sun yi nisa, kuma babban dalili shi ne katsewar aiki da raguwar awoyi bayan haihuwa. Nazarin ba a kan fannin kula da ma'aikata aka yi shi ba, amma ya isa ya nuna cewa albashin farko ba ya ba da labarin sauran tafiyar.

Bashi da Dokar 2025

Tun daga 2006 gwamnatin Amurka ta buɗe wa ɗaliban gaba da digirin farko wani rance mai suna Grad PLUS, wanda ya ba su damar cin bashi har iyakar abin da jami'a ta ce karatun zai ci. A zangon 2024 zuwa 2025 kuɗin ruwansa ya kai kashi 9.08 cikin ɗari. Wanda ya ranci Dala 50,000 a kan haka, ruwan shekara guda kaɗai Dala 4,540 ne, watau kusan duk ƙarin da manajan misalin nan ya samu.

Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025, ta tsayar da 1 ga Yuli, 2026 a matsayin ranar rufe wannan rance ga sababbin ɗalibai. Ta iyakance rancen digiri na biyu na gama-gari a kan Dala 20,500 a shekara, jimla 100,000, ta bar wa manyan sana'o'i irin su likitanci da lauya Dala 50,000 a shekara, jimla 200,000. Har ila yau ta kawo gwaji: kwas ɗin da tsofaffin ɗalibansa suka kasa kai albashin masu digirin farko kawai, 'yan shekara 25 zuwa 34, a shekara biyu cikin uku, zai rasa damar rancen gwamnati. Mataki ne mai ma'ana, domin ya ɗaure jami'a da sakamakon abin da ta sayar. Sai dai gwajin yana kwatanta mutane dabam-dabam ne, ba mutum da kansa ba. Kwas ɗin dare da ke cike da manajoji zai haye shi cikin sauƙi ko da bai ƙara musu sisi ba.

Ɗalibin da Ya Fito Daga Waje

Ɗan Nijeriya ko ɗan Nijar da ke duba waɗannan alƙaluma da niyyar tafiya karatu ya san cewa ba ya cikinsu. Ɗalibin da ya shiga da bizar karatu ba ya samun rancen gwamnatin tarayya, saboda haka irinsa ba sa shiga ƙidayar College Scorecard. Izinin aikin da aka saba ba shi bayan kammalawa na wata 12 ne, sai in an sa kwas ɗinsa cikin rukunin kimiyya da fasaha, sannan a ƙara masa wata 24. Bugu da ƙari, wannan sana'a a ɗaure take da dokokin ƙasa, ba kamar lissafi ko kwamfuta ba. Dokar Wagner da dokar fansho ta 1974 ba sa aiki a Kano ko Legas. A Nijeriya, cibiyar masu wannan sana'a da aka kafa a 1968, wadda Doka mai lamba 58 ta 1992 ta ba ta ikon tsara aikin, ita ke ba da shaidar ƙwarewa, kuma wanda ya dawo da digirin waje yana bukatar rajista da ita. Idan aikin gwamnati ya nufa, tsarin matakan albashi na 01 zuwa 17 da ya biyo bayan rahoton Udoji na 1974 ya riga ya yanke masa farashi: a bisa al'ada mai digirin farko yana shiga a mataki na 8, mai digiri na biyu da ya dace da aikin kuwa yana iya shiga a mataki na 9.